Ɗan Sandan Unguwarmu, Wa Yake Tsoro?

Da yawan bariki ne ke kawo barci mai nauyi, da babu wanda zai fi mutanen arewacin Kaduna sharar barci a ƙasar nan. A Kawo ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya ta sojan ƙasa. Ka karkata ta Mando ga sansanin sojan sama, gaba kaɗan ga makarantar hafsoshi ta NDA a Afaka. Ka gangaro cikin gari ta titin Independence ga Kwalejin 'Yan Sanda, wadda ke yaye kurata tun zamanin Turawa, ga kuma hedikwatar rundunar jiha a titin Bida. Amma ka shiga lungunan Badarawa ko Unguwar Dosa ko Hayin Banki bayan sha ɗayan dare. Layuka da dama an datse su da ƙofar ƙarfe, wadda mazauna suka yi karo-karo mai walda ya ƙera musu. A bakin ƙofar akwai benci, da samari uku ko huɗu riƙe da tocila da gora da usur. Ƙarshen wata sakataren layi zai bi gida-gida da littafinsa yana karɓar kuɗin sintiri, kuma ko gidan da ɗan sanda ke haya a ciki sai ya biya.

Mutumin wannan yanki ba maƙiyin ɗan sanda ba ne. Idan aka yi fashi a layinsu, caji ofis zai fara tunawa. Abin da dai ya sani, ba tare da kowa ya karanta masa tsarin mulki ba, shi ne ɗan sandan nan ba nasa ba ne. Bai san ranar da aka kawo DPO mai riƙe da caji ofis ɗinsu ba, ba za a tambaye shi ranar da za a ɗauke shi ba. Ƙarin girma daga Abuja yake zuwa, canjin wurin aiki daga ofishin kwamishina, kuma kowane ma'aikaci inda cinsa da rashinsa suke can yake kallo. A ganina nan matsalar take, fiye da ƙarancin motoci da bindigogi da ake ta kuka da shi. Tun 1999 muke zaɓen kansila da gwamna da shugaban ƙasa, amma har yau cikin mutanen da ɗan sanda ke shakka babu tsohuwar da ke toya ƙosai a bakin ofishinsa.

Abin ya samo asali. A 1829 Robert Peel ya kafa 'yan sandan birnin Landan, ba bindiga a hannunsu, bisa fahimtar cewa ƙarfinsu yana ga yardar jama'a. Ingila ta riƙe wannan samfuri a gida, ta aiko wa ƙasashen da ta mallaka wani daban, irin wanda ta gwada a Ailan: runduna mai makami, zaune a bariki, an ɗebo ta daga wani wuri don ta tsare masu mulki. Mu Hausawa ma da mu aka fara wannan aiki, domin dakarun da Turawa suka kafa a Legas a farkon shekarun 1860 Hausawa ne aka ɗora kan Yarbawa, don kada sanayya ta shiga tsakani. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu. Ita kuwa Kaduna gari ne da aka gina don soja da ma'aikatan gwamnati, hedikwatar Arewa ta dawo cikinta daga Zungeru a 1917. Turawa na unguwarsu mai itatuwa, leburori da masu hidima na Sabon Gari da Tudun Wada, aikin ɗan sanda kuma ya tabbatar na biyun ba su dami na farkon ba. Tuta ta canza a 1960, amma barikin da tarbiyyarsa suna nan.

Mun kuma ɗanɗana ɗan sandan gida. A masarautu akwai dogarai, daga baya aka kafa 'yan doka a ƙarƙashin En'e. 'Yan gari ne, sun san kowa, sun san gidan ɓarawo da mai sayen kayan sata, shi ya sa wasu dattawa ke tuna zamaninsu da kewa. Sai dai ka tambayi dattijon da ya yi jam'iyyar adawa ta NEPU ka ji nasa labarin. Da 'yan doka aka riƙa tarwatsa laccar 'yan adawa, a tasa ƙeyarsu gaban alƙali, kafin la'asar suna gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar NEPU, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, aka gama zuwa farkon shekarun 1970. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce runduna ɗaya tak za a yi a ƙasa. Ɗan doka sarki yake tsoro, ɗan sandan tarayya Sufeto Janar yake tsoro. Talaka bai taɓa shiga lissafin ba.

Wanda ke son ganin yadda wannan tarihi ke tafiya da ƙafafunsa, ya je bakin wani caji ofis da hantsi, washegarin daren da aka yi samame. Ba sai na kira suna ba, kowa na da wanda ya sani. An bi teburan mai shayi da majalisun samari an yi kamen kan mai uwa da wabi, an cika bayan Hilux. Iyaye mata na zaune a gindin bishiya da hijabansu, wata riƙe da kular abinci. Uba ya shigo da mai unguwa. A kanta kofur na rubutu cikin wani ƙaton littafi, gefensa tarin bel da takalma da wayoyin waɗanda ke bayan kanta, sama da kansa kuma takarda manne a bango tana cewa beli kyauta ne.

"Yallaɓai, yaron nan tela ne, daga shago ya taso ya tsaya shan shayi."

"Baba, ai ba mu ce ya yi laifi ba, bincike muke. Ka jira mai fayil ɗin."

Mai fayil ya zo, ya ja su gefe. "Alhaji, kai ma ka san aikin. Takardar da muke rubutu a kai ma mu muke saya." Daga nan sai ciniki, mai unguwa na cewa a duba, a yi don Allah, uban na lalube a aljihu, ana kiran ƙanin uwa a waya ya turo ciko ta mai POS da ke tsallaken titi. Kafin azahar yaro ya fito yana ɗaura bel. Ba a tuhume shi da komai ba, ba a wanke shi daga komai ba. Ya dai koyi cewa rashin laifi ba ya hana kwana a bayan kanta, ya kuma ga da idonsa wanda aka kama da wuƙa ya riga shi fita, don nasa mutanen sun fi saurin haɗa kuɗi. Wannan yaron ne gobe za a ce ya kawo rahoto idan ya ga baƙuwar fuska a layinsu.

Abin takaicin, doka ta riga ta hana kusan duk abin da ya faru a wurin. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa, kuma a cikin Kaduna ba a rasa ta. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani, ta kuma ce mace na iya tsaya wa mutum beli. Jihar Kaduna ta yi irin tata a 2017. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ta maye gurbin ta 1943, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi da haƙƙinsa na ganin lauya. Akwai ma tanadin da na fi so a cikinta: babban majistare ya riƙa ziyartar kowane caji ofis da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ga na tsare, ya ba da beli nan take idan ya dace. Da ana bin wannan tanadi sau da ƙafa, rabin cinikin bayan kanta ya mutu. Amma mutum nawa a Rigasa ko Kurmin Mashi suka san da shi, balle su tambayi yaushe majistare ya zo?

Idan an ci zalinka kuma, ina za ka? Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, mai ikon ladabtarwa da kora, tana Abuja. Sashen karɓar koke da aka buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase yana taimakawa wani lokaci, musamman ga mai iya Turanci da rubutu a intanet, amma ɗan sanda ne ke binciken ɗan sanda. Saura kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, da aka kafa tun 1984. Akwai mutanen kirki a cikinsa, suna raba rigingimu da yawa. Sai dai a wurare da dama ya zama zauren masu hali, su ke sayen taya da batir da man janareta, DPO kuma ya ba su lambar wayarsa da sitika ta mannawa a mota. Wanda ya saya wa ofishi taya ba zai zo ya tuhumi ofishin ba. Abin da ya saya shi ne alfarma ga kansa da yaransa. Naira biliyan 13.3 da gwamnatin tarayya ta amince da su a 2020 don 'yan sandan al'umma sun tafi kan ɗaukar 'yan sandan sa-kai da horar da su, aka ƙara masu kaki a titi, hanyar kai ƙara kuwa tana nan yadda take.

Shi ma kofur ɗin nan na kanta yana da nasa kukan, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ofishin da za a ce ya tsare unguwanni biyar da mota ɗaya, kuɗin gudanarwa bai isa mai na mako ba, dole mai ƙara ya sayi mai kafin a bi sawun ɓarawonsa. Wanda ya leƙa gidajen bariki ya ga inda suke kwana da iyalansu zai rage zaginsu. A 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga kan fanshon da bai kai ya kawo ba, na bakin aiki kuma suna kallo, suna ganin gobensu. Adadin da aka saba ambata na rundunar kusan 370,000 ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma a 2018 Mike Okiro, yana shugaban hukumar kula da su, ya ce sama da 150,000 suna gadin manya ne. A Nuwambar 2025 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a janye su daga wannan aiki. An sha ba da irin umarnin a baya. Wanda ke son sanin ko na wannan karon ya kama, ya zaga Unguwar Rimi da Malali ya ƙirga masu kaki a ƙofofin gidaje. Duk da haka talauci bai isa uzuri ba. Malamin firamare ma albashinsa bai isa ba, amma ba shi da ɗakin da zai kulle ɗanka har sai ka biya.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke kai ɗan haya caji ofis don ya yi jinkirin biya, mu kai abokin ciniki kan bashin atamfa, mu ce a "ɗan ja masa kunne", mu biya kuɗin jan kunnen. Wanda ya saba hayar ɗan sanda kan maƙwabcinsa bai da bakin kuka ranar da wani ya fi shi tayi. Mu ne kuma idan aka kama ɗanmu da laifi na gaske, sara-suka ko ƙwacen waya, sai a tashi dangi kaf, a kira kansila, kansila ya kira ɗan majalisa, a kashe magana. 'Yan sharar da suka addabi Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Rigasa ba daga sama suka faɗo ba, suna da iyaye da gidaje, suna da iyayen gidan da ke tuna su duk lokacin yaƙin neman zaɓe. Ɗan sandan da ya kama yaro ɗaya sau uku, sau uku ana kiran waya daga sama a sake shi, a karo na huɗu zai karɓi rabonsa ya sake shi da kansa.

Daga nan sai ɗaukar doka a hannu. A watan Yunin 2025 wani mai ƙwacen waya ya daɓa wa wani hafsan sojan ruwa wuƙa a Kawo ya kashe shi, jama'a kuma suka far wa maharin har lahira. Da yawa sun ce ya yi daidai, kuma na fahimci zafin. Amma taron da ya kashe mai laifi yau, shi ne gobe zai kashe wanda aka yi wa ihun ɓarawo don gaba ko kuskure, domin taro ba ya tambaya. Wanda ya ɗaga dutse yana faɗa ne da aikinsa cewa bai yarda caji ofis da kotu za su yi komai ba. Su ma 'yan sintiri, da duk alherinsu, akwai waɗanda ke ɗaure yaro a turke su yi masa dukan kawo wuƙa kan zargin satar kaza, kuma ba mai tambayarsu.

Rashin yardar nan ta fi tsada a wajen bayanai. Da ɗan gari kan ci gari. 'Yan bindigar da suka kwashi ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, da waɗanda suka kutsa cikin NDA a Agustan shekarar, sai da suka san hanya da lokaci. Akwai masu kai musu burodi da mai da katin waya, akwai infoma, kuma cikin unguwanni ake zaune da su. Mutane na gani. Abin da ke rufe musu baki shi ne tsoron kada sunansu ya riga su komawa gida, ko a mayar da mai kawo rahoto abin zargi ya kwana uku yana amsa tambaya. A da mai unguwa da dagaci ne matattarar irin wannan labari. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, ta sallami dubban dagatai, da hujjar cewa albashinsu ya fi ƙarfin ƙananan hukumomi. Ta fuskar kuɗi hujjar na da ƙarfi, amma an rage kunnuwa a daidai lokacin da aka fi bukatarsu.

Kaduna na da wani ciwon da Kano ko Katsina ba su da shi. Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ya ci rayuka sama da dubu, na gasar sarauniyar kyau a Nuwambar 2002 ya ci sama da 200, daga nan kogin Kaduna ya zama iyaka, akasarin Musulmi suka taru a arewa, Kirista a kudu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta a 2003 cewa jami'an tsaro da kansu sun kashe mutane da dama a rikicin 2002 ba tare da an hukunta kowa ba. Tun daga lokacin mutumin Kaduna kan karanta sunan da ke ƙirjin ɗan sanda kafin ya saurari abin da zai faɗa. A gari irin wannan, yadda za a ɗauki ma'aikata da yadda za a raba su tsakanin ɓangarorin biyu magana ce ta rai da mutuwa.

Shi ya sa nake ganin mun yi sakaci a Oktoban 2020. Da matasan Kudu suka tashi kan rundunar 'yan sanda ta SARS har aka rusa ta a ranar 11 ga watan, gwamnonin Arewa suka ce su kam tana musu amfani, da yawanmu kuma muka ɗauki abin rigimar 'yan Legas ce. Gaskiya ne mu 'yan bindiga suka fi damun mu, amma tambayar da matasan suka yi tamu ce. Mun gane haka a Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, aka kwashi yara daga nan da Kano zuwa Abuja. Ranar 1 ga Nuwamba duniya ta ga wasunsu suna zubewa a gaban kotu don yunwa, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare. An yi ɓarna a zanga-zangar, ba mai musu. Sai dai abin da ya fitar da yaran umarnin shugaban ƙasa ne bayan hotuna sun kunyata gwamnati. Daga sama aka kama su, daga sama aka sake su.

Yanzu magana ta koma kan 'yan sandan jihohi. Kwamitin jam'iyyar APC da El-Rufa'i ya shugabanta ya ba da shawarar haka a 2018. Gwamna Uba Sani ya kai ƙudurin kafa su majalisa tun yana sanata, kuma shi ne ya shaida wa 'yan jarida a Disambar 2024 cewa akasarin jihohi sun amince. Hujjarsu a fili take: ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiha, alhali sashe na 215 ya ba kwamishina damar ya ce sai ya ji daga Abuja kafin ya bi umarninsa. Jihohi kuma su ke sayen motoci da mai tun zamanin rundunar tsaro ta Operation Yaki. Ina goyon bayan ɗan sandan da ya san Rafin Guza da Kabala, mai jin yaren mutanen da yake tsarewa. Amma sauke iko daga Abuja zuwa gidan gwamnati na Sir Kashim Ibrahim bai kawo shi Hayin Banki ba. Mun ga yadda hukumomin zaɓe na jihohi ke ba jam'iyyar gwamna kusan kowace kujera, a hannun kowace jam'iyya. Ba na son wannan ɗabi'a ta sami bindiga da ankwa.

Ba ma sai mun yi hasashe ba, muna da abin gwaji a hannu. Rundunar sintiri ta jiha, KADVIS, ta ɗauki mutum 7,000 a 2023 aka horar da su a Kwalejin 'Yan Sanda. Kafin a ƙara wa jiha iko, ya kamata 'yan majalisarmu da ke zama a Lugard Hall su tambaya a bainar jama'a: ƙorafi nawa aka kai kan jami'an rundunar, nawa aka bincika, wa aka hukunta, kuma wa ya kawo sunayen waɗanda aka ɗauka? Duk dokar da za su rubuta wa 'yan sandan jiha, wuraren dubawa kaɗan ne. Kada gwamna shi kaɗai ya naɗa kwamishina ya kuma tuɓe shi. Hukumar karɓar koke ta ƙunshi lauyoyi da mata da malaman addinai biyu da 'yan adawa, ta sami ofishi a kowace ƙaramar hukuma da ikon dakatar da jami'i. Kuɗin gudanar da kowane caji ofis ya shiga asusunsa kai tsaye, a manna adadin a bango inda ake manna takardar beli. DPO kuma ya zauna gaban mutanen yankinsa duk wata uku, a filin makaranta, ya faɗi mutum nawa ya kama da nawa ya kai kotu, abin da mutanen suka ce a kansa ya shiga fayil ɗin ƙarin girmansa. Wannan na ƙarshen da ziyarar majistare ba sa jiran gyaran tsarin mulki ko amincewar majalisun jihohi 24. Kwamishina da babban jojin jiha na iya fara su a watan gobe.